Suna Jini Ne

"Ƙarya ne!" Harrison ya buga benci a shagon kallon fim na Uche da ke Sabon Tasha, fim na ƙarewa. "Marainiya daga wata duniya, don ta iya tuƙa jirgin yaƙi a sararin samaniya, sai ta ɗauki sunan gidan jarumai?"

Hadassah, wadda zai aura wata mai zuwa, ta kurɓi lemonta. Wata uku ke nan yana matsa mata ta ajiye sunan marigayi babanta, Didam, ta buga nasa a jarida. Ta yi roƙo, ta yi kuka, ko a jikinsa.

"Amma ai suna ƙaunarta, Harry," ta ce a hankali.

"Ƙauna ba ta ba da suna! Suna jini ne. Duk mai ɗaukar na wani ɓarawo ne. Uche, ka shaida!"

"Na shaida, oga."

Hadassah ta ciro takardar canjin suna daga jakarta, ta yaga ta gida biyu.

"Allah ya kiyaye in zama ɓarauniya."

Fim tara ta kalla ita kaɗai kafin ta samo wannan da ta kawo shi ya kalla.