Tsallen Malam Gushi

"Ki yi tsallen nan, ko ki ajiye sandar ki bar mini makaranta," in ji Morihide.

Shekara talatin yana koyar da karate da wasan sanda a Okinawa, kuma kowane ɗalibi ya san ƙa'ida: a taku na bakwai sai an yi tsalle gefe, kamar an taka garwashi. Haka ya gada wurin marigayi Malam Gushi. Amma 'yarsa Chiyo, wadda yake shirin bar wa makarantar, ta kafe.

"Baba, tsallen nan ba ya kare komai. Sai ka ce kwaɗo."

"Takobi ake kauce wa, mara kunya. Sirrin gidanmu ke nan."

Da gardama ta ƙi ƙarewa, ya ja ta wurin Iya Tsuru, matar marigayin, ta raba su. Suka tarar da tsohuwar tana shan shayi. Morihide ya gyara ɗamara, ya yi takun, ya daka tsallen, ya tsaya yana haki.

Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye.

"Ɗan nan, har yanzu kuna yi? Ai katakon wurin ne ke ƙara in an taka, ni kuwa a bayan bangon nake barcin rana."

"Haba Iya, Malam da ya karye a hannu garin faɗa da 'yan fashi bakwai, shi zai ji tsoron tashin ki?"

"'Yan fashi?" Ta kurɓi shayinta. "Ni ce na karya masa hannun, ranar da ya manta bai yi tsallen ba."