Motar da Inna Ba Ta Sallama Ba

Tun da motoci suka fara tuƙa kansu, ba a sayar da motar gida sai kowa a gidan ya ce mata ya sallama. Alhaji Tanimu bai damu da wannan doka ba. Shi mutum ne mai son mota, shekara ba ta zagayowa bai sake wata ba.

Ya zagaye filin dillali Gambo, ya ƙwanƙwasa wannan, ya leƙa waccan, ya tsaya kan wata koriya mai kujera bakwai.

"Ita za a ba ni, ka riƙe tsohuwar."

"Ranka ya daɗe, mutanen gida duk sun sallame ta?"

"Gambo, a gidana magana ɗaya ce, tawa."

Ya shiga sabuwar yana murmushi. Da ya iso ƙofar gida sai ya tarar tsohuwar motar ta riga shi dawowa. Mahaifiyarsa na zaune a kujerar baya da carbinta, inuwa ta rufe ta.

"Inna, ai na sayar da ita."

"Kai ka sayar. A kujerar nan babanka ya cika, kansa a cinyata. Nemi wani wurin ka ajiye taka."