Ɗan'asabe Wanda Ruwa Ya Ja

Saura kaɗan Mairam ta fasa tura saƙon. Turancinta na ajin yamma ne, jami'in agajin ambaliya kuma ba ya jin Hausa. Amma tun hantsi ruwa ya ja Ɗan'asabe a fadamar Guri, babanta kuma yana kwance ba lafiya. Ta rubuta: "Help us find Ɗan'asabe who fell in the river."

Kafin azahar jami'in ya turo masunta daga Hadejia. Mairam ta tsaya a bakin ruwa tana jiransu. Ɗan'asabe ne ƙarfin gidansu. In babu shi, babu noma.

Magariba ta kawo jiki shugaban masuntan, Malam Inuwa, ya dawo jiƙe sharkaf.

"'Yata, sai haƙuri. Har cikin ciyawar kacala mun kutsa, ba mu ga mutum ba, ba mu ga gawa ba."

"Ko komai ba ku gani ba, Baba?"

"Sai wani jan sa a kan tudu, ruwa har wuyansa, yana ta kuka. Muka wuce. Wa zai tsaya wa dabba ana neman ɗan Adam?"

Mairam ta dafe ƙirji. Sai yanzu muryar malamarsu ta Turanci ta dawo mata: "who" na mutum ne, "which" na dabba. A Hausa kuwa duk "wanda" ne. Ranar Asabar aka haifi jan san nasu, shi ya sa Mairam ta laƙaba masa suna Ɗan'asabe.

Washegari da asuba, Mairam da ba ta iya haɗa ido da maza ta riga Malam Inuwa shiga kwalekwalensa, igiyar Ɗan'asabe a hannunta.