Hannun da Ya Riƙe Guduma

Halliru na buɗe ƙofar ɗakinsu a unguwar Al Nahda, wani da ake wa laƙabi da Gwamna ya sauke masa ƙarfe a baki. Haƙora suka zube a kan tayil, Halliru ya faɗi ƙasa.

Gwamna ya kara masa waya a fuska. Wani bidiyo ne da ya gama zaga duk wani guruf na 'yan Arewa a Dubai: cikin ramin magudanar ruwa da ake haƙawa a babban titin Satwa, ga Halliru yana dukan ƙafar Elkana, ƙanen Gwamna, da guduma. Elkana yana ihu. A nan bidiyon ya yanke.

"Kai ne ko ba kai ba ne?"

Halliru ya gyaɗa kai. Ya so ya yi magana, amma jini kawai ya fito.

"Da wane hannu?"

Gwamna bai jira amsa ba. Ya take masa hannun dama da takalmin aiki, ya daka shi har ƙashi ya daina ƙara.

"Khalas, shi ke nan. Mun yi daidai."

Wayar Gwamna ta yi ƙara. Elkana ne daga asibiti.

"Yaya, nemo mini Halliru. Ƙafata ce ta maƙale a rodi, ga ambaliya tana tahowa ta cikin bututu. Kowa ya haye sama, shi kaɗai ya dawo. Ni na roƙe shi ya karya ta ya ja ni. Kawo shi, ina so in riƙe hannunsa."

Gwamna ya dubi ƙasa. Har yanzu takalminsa na kan hannun.