Jar Waya

Yaya, yau kwana tara ke nan da rasuwarka, har yanzu Inna tana zuba abinci a kwanonka. Karatuna bai kai naka ba, amma bari in rubuta abin yadda ya faru.

Kwamfuta tamanin ne a ɗakin jarrabawar. A da, ɗaya-ɗaya kake bin su kana shiryawa, kwana uku kana sunkuye. Sai ka ware guda a ƙaramin ɗakin baya, ka sa mata suna Uwa. Ka rubuta mata umarni layi-layi, har ta iya shirya kanta da maɓalli ɗaya. Duk kwamfutar da aka kunna sai ta nemi Uwa ta cikin waya, Uwa ta goge ta tas, ta zuba mata sabon tsari. Minti ashirin, duka tamanin sun tashi tare.

"Uwa ba ta tambaya," ka ce wa manaja. "Duk wanda ta samu, wanka za ta yi masa. Shi ya sa da an gama nake zare jar wayar nan."

Manaja ya yi dariya. "Injiniya, ci gaba da koya wa inji aikinka, gobe mu sallame ka."

Ranar jarrabawa ka zare jar wayar tun da sassafe, ka bar ta tana lilo a bayan tebur. Mai janareta ya shigo ya duba wayoyin wutarsa, ya fita. Ɗalibai suka zauna. Wasunsu shekara ta uku ke nan suna gwadawa. Amsar kowa tana cikin kwamfutarsa, sai an tashi ake kwashewa.

Saura minti goma a tashi, wuta ta ɗauke. Janareta ya kama. Kwamfutoci tamanin suka farfaɗo, kowacce ta nemi Uwa, Uwa kuwa ta amsa. Farin rubutu ya riƙa gudu a baƙin gilashi. Aikin awa uku ya tafi a gaban idon masu shi.

Kujera aka fara jefowa. Manaja ya nuna ka da yatsa, ya bi ta taga. Suka jawo ka da wuyan riga har tsakiyar haraba. Wani ya sauke maka kwamfuta a ka, gilashi ya tarwatse. Wani da bel, wani da ƙafar tebur. Iyayen da ke jira a bakin ƙofa suka shigo, babu wanda ya ce a bari.

"Wallahi na zare ta!" kake ihu, jini na bin haƙoranka. "Wani ne ya mayar!"

"To wa? Nuna mana shi!" in ji wani ƙato, ya ɗaga bulo sama.

Aka tsaya. Ka ɗago da idon da bai rufe ba, ka bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ka iso kan mai janareta, yana manne da bango. Ka daɗe a kansa. Sannan ka sunkuyar da kai.

"Ni ne," ka ce. "Mantawa na yi."

Bulon ya sauka. Wani ya ƙara. Kafin 'yan sanda su iso, takalminka ɗaya yana cikin kwata, kai kuma ka daina kare kanka.

Mai janareta bai san halin Uwa ba. Waya ya gani tana lilo, ga raminta a fili, ya ce bari ya rage wa yayansa aiki.

Ni na mayar da ita, Yaya. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.