Sunan da Ya Ambata a Taro

Hure ta shimfiɗa wa saurayinta Zubair tabarma a zaure, amma yau ba ta kawo ruwa ba.

"An ce ka burge a taron Ɗanbatta," ta ce, idonta a ƙasa. "Wai a tilasta wa kowane yaro gama sakandare."

"Gaskiya na faɗa."

"Har da kafa misali da Aina'u mai aikin asibiti."

Ya gyara hula. "Wallahi ke ce a raina. Da akwai dokar nan, da ba a cire ki daga aji uku ba."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ni ce a ranka, sunanta a bakinka?"

Ta kama gefen tabarmar. "Tashi, zan naɗe."