Shaida ta Bakwai

Sau uku Sakatariya ta koma tana gyara labulen, don kada ko yatsan ƙafar matar ya leƙo. Haka dokar kwamitin take. Mai ba da shaida yana zama a bayan labule, ba suna, ba fuska, lamba kawai. Wannan ita ce ta Bakwai.

Wata huɗu ke nan da gwamnati ta kafa kwamitin bincike kan gobarar wata masana'antar ɗinki. Mata talatin da ɗaya suka ƙone. Suna zaman dirshan a ciki kan haƙƙinsu wani ya sa aka garƙame ƙofa ta waje, da wuta ta tashi kuwa ba mafita. Wane ne wanin? Abin da aka tara manya biyar su gano ke nan.

Mutum uku ne suka ji umarnin ta rediyon masu gadi. Shaida na Biyu ya yi bayani ran Litinin, ran Alhamis wata mota marar lamba ta bi ta kansa da rana tsaka. Na Biyar ya zo ya yi nasa bayanin, daga baya ya aiko takarda wai shi bai ji komai ba, ya kwashe iyalinsa, ko maƙwabta ba su san inda ya nufa ba. Saura wannan baiwar Allah, tela mai 'ya'ya biyu, wadda ta tsira ta tagar banɗaki.

Tsoro ya ci Sakatariya har ta rame. Ita ta je har gida ta lallashi matar, ita ta rantse mata cewa babu abin da zai same ta. Rajistar da ke haɗa lamba da suna da adireshi kuwa a jakarta take, ko masallacin ofis za ta da ita take tafiya. To ta ina maganar ke fita? Ta zargi lauyan kamfani. Ta zargi 'yan sandan rakiya. Kai, har mai shara ta hana shiga ofishinta, matar da ko karatu ba ta iya ba.

Mutum ɗaya ne hankalinta ya kwanta da shi, wato Baba, dattijon kwamitin, wanda shekara ashirin da suka wuce shi ya ɗauke ta aiki a ma'aikata. A ofis ga barkwanci, ga tsokana. A zauren sauraro kuwa ko tari ba ya yi. In yana da tambaya sai ya rubuta a guntuwar takarda ya tura mata ta karanta. Ya ce surutu a gaban shaida yana rikita shi.

Da safe da ta kai masa rajista ya sa hannu, kamar yadda doka ta ce, sai ya dube ta ta saman tabarau.

"'Yata, in kika ci gaba da ramewa haka, ke za mu kafa wa kwamiti."

Ta yi dariya, karo na farko a makon.

Ƙarfe sha ɗaya aka fara. Muryar da ke bayan labule ta soma bayani, ba ta tsaya ba. Ta faɗi hayaƙin, ta faɗi yadda mata ke dukan ƙofa, ta faɗi rediyon da ke ƙara a kafaɗar mai gadi a ƙarƙashin tagar.

"Za ki iya gane mutumin da ya ba da umarnin?" in ji Shugaban kwamiti.

"Ban ga fuskarsa ba, ranka ya daɗe. Amma muryar nan, wallahi ko a tsakiyar kasuwa na ji ta zan gane. Ba ihu ya yi ba. A natse ya faɗa, kamar mai cewa a miƙo masa ruwa."

Takardar Baba ta iso, Sakatariya ta karanta: ban da kwamiti, wa kika taɓa faɗa wa wannan? Matar ta ce babu kowa, ko mijinta.

Aka tashi. Motar 'yan sanda na jira a ƙofar gaba, ita ce dai motar da ta mayar da na Biyu gida, ita ta mayar da na Biyar. Sakatariya ta tsaya tana kallonta ta taga. A'a. Yau kam ko za a kore ta daga aiki, ba za ta sa matar nan a ciki ba.

Sai wata takardar Baba ta faɗo kan teburinta. Motata na ƙofar baya.

Saura kaɗan ta yi kuka don godiya. Ta lulluɓe shaidar da baƙin mayafi tun daga ka har gwiwa, yadda ake fitar da kowane shaida, ta riƙe hannunta ta bi da ita ta ɗakin ajiyar fayil. Hannun ya yi sanyi, ga kantar almakashi a yatsun.

"Anti, ina za ki kai ni?"

"Kwantar da hankalinki, hannu na gari zan sa ki."

Direban sabo ne, kuma akwai wani ƙato a kujerar baya da ba ta sani ba. Ta ce a ranta, Allah sarki Baba, har mai tsaro ya nemo. Da hannunta ta sunkuyar da kan matar ta shigar da ita, da hannunta ta rufe ƙofa. Baba ya zauna a gaba. Makullan suka ce ƙas.

Sannan ya waiwaya baya, yana murmushi.

"Sannu da ƙoƙari, 'yata. Direba, mu je."

Mayafin ya zabura. Gilashi na hawa, mota na ja, Sakatariya ta ji tafin hannu biyu na dukan taga.

"Anti! Anti, muryar ce! Wallahi shi ne!"